Sharhi kan manhajar Inputlog bayan na gwada ta da ɗaliban Aboabo

Ni malamin makaranta ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma binciken digirina na biyu ne ya sa na shafe kusan wata uku ina aiki da manhajar Inputlog, wadda ke naɗar duk maɓallin da mutum ya danna a kwamfuta tare da lokacin da ya danna shi. Tambayar da na sa a gaba ita ce yadda yaran zango, wato unguwannin masu jin Hausa a garuruwan Ghana, suke rubutu da Turanci, harshen da aka koya musu a aji, da kuma yadda suke rubutu da Hausa, harshen da suka tashi da shi a gida amma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu ƙa'idojin rubuta shi da boko. Takardar da ɗalibi ya miƙa wa malami tana nuna inda ya sauka ne kawai, ba ta nuna hanyar da ya bi, ni kuwa hanyar nake son gani.

Masu bincike biyu na Jami'ar Antwerp da ke Beljiyam, Mariëlle Leijten da Luuk Van Waes, su ne suka samar da manhajar, kuma ana ba masu bincike ita kyauta bayan sun yi rajista. Tana aiki a kan Windows, kuma a cikin Microsoft Word ne take nuna cikakken ƙarfinta. Kafin na zaɓe ta na duba takwarorinta biyu, wato ScriptLog ta ƙasar Suwidin da Translog ta Denmak, wadda aka fi saninta a wurin masu nazarin aikin fassara, amma da yake ɗalibaina sun riga sun ɗan saba da Word, na ga bai kamata in ƙara musu nauyin sabon shafin rubutu a kan nauyin gwajin kansa ba.

Girka ta bai ba ni wahala ba, sai dai manhajar kariya da ke kwamfutata ta yi ta gargaɗi, abin da bai ba ni mamaki ba tunda irin wannan dabarar ce ɓarayin intanet ke amfani da ita wajen satar kalmar sirri. Wannan gargaɗin ya tuna mini da wani nauyi da ke kaina. Matuƙar naɗin yana gudana, manhajar tana lura da abin da ake yi a sauran tagogin kwamfutar ma, don haka idan ɗalibi ya leƙa Facebook ya shigar da kalmar sirrinsa, akwai haɗarin ta faɗa cikin bayanan da na tara. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta shekarar 2012, kuma ko babu doka, amana ce. Saboda haka na nemi izinin iyaye a rubuce, na bai wa kowane ɗalibi lamba a maimakon suna, na kuma cire intanet daga kwamfutar gaba ɗaya kafin kowane zama.

Ɗalibai goma sha biyu na yi aikin da su, kowannensu ya rubuta gajeren labari da Turanci a rana guda, sannan wani makamancinsa da Hausa bayan mako ɗaya. Da zarar an tsayar da naɗin, manhajar tana ajiye fayil ɗin zaman, kuma daga gare shi ake fitar da nazari iri-iri: jerin kowane dannawa da lokacinsa, taƙaitaccen lissafin haruffan da aka buga da waɗanda suka tsira a rubutun ƙarshe, nazarin gyare-gyare, da nazarin tsaiko. Akwai kuma wani zane mai ɗauke da layi biyu, ɗaya yana hawa da yawan abin da aka buga, ɗaya yana bin tsawon rubutun da ke kan shafi, ta yadda tazarar da ke tsakaninsu take nuna yawan abin da aka goge. Ranar da na fara ganin wannan zanen na daɗe ina kallonsa, domin wata yarinya da nake ɗauka malalaciya saboda gajartar rubutunta, ashe ita ce ta fi kowa bugawa da gogewa.

Nazarin tsaikon ne ya fi cinye mini lokaci, kuma a nan ne na ga amfanin manhajar da iyakarta a wuri guda. Masu wannan fanni sun saba ɗaukar shirun da ya kai daƙiƙa biyu a matsayin tsaikon tunani, kuma manhajar tana bari mai bincike ya ɗaga wannan ma'aunin ko ya sauke shi. Tana kuma rarraba tsaikon gwargwadon wurin da ya faru, ko a tsakiyar kalma, ko tsakanin kalmomi, ko tsakanin jimloli. Abin da aka saba faɗa shi ne tsaiko kafin sabuwar jimla alamar tsara tunani ce, na tsakiyar kalma kuwa alamar wahalar haruffa ce ko rashin sabo da madannai. A rubutun Turancin ɗalibaina wannan bayanin ya zauna daidai gwargwado. A rubutun Hausa kuwa sai na ga tsaiko ya taru a wuraren da ban zata ba, musamman kafin ƙananan kalmomi masu harafi biyu da kuma a ƙarshen suna.

Sai da na kunna maimaicin rubutun, wanda ke nuna haruffa suna fitowa suna ɓacewa kamar yadda aka buga su, kafin na gane abin da ke faruwa. Hausar zangon Ghana ba ta cika bambance namiji da mace a nahawu ba. A bakinmu ba abin mamaki ba ne a ce yarinya ya zo, ko a ce rigan Amina. Amma yaran sun ji Hausar Kano a rediyo da finafinai, sun san cewa akwai wata ƙa'ida da suke karyawa, don haka da sun zo rubutu sai hannu ya tsaya a kan “ya” ko “ta”, a buga “n” a goge a maye da “r”, wani lokacin ma a sake komawa ga “n” ɗin. Wani yaro da na nuna masa nasa maimaicin ya ce mini, “Malam, a baki ba na tunaninsa, sai na ga abin a rubuce nake jin kunya.” Manhajar ta auna wannan shirun har zuwa kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma sunansa a rahotonta tsaiko ne tsakanin kalmomi, daidai da na wanda ke neman abin da zai faɗa. Sashenta na nazarin nahawu an gina shi ne domin harsuna irin su Turanci da harshen Holan, saboda haka na ware waɗannan wurare da hannuna a cikin Excel, aikin da ya ci mini dare da dama.

Haruffa masu lanƙwasa ma sun kawo nasu ruɗanin, kodayake wannan matsalar madannanmu ce. Domin a fitar da ƙ ko ɗ ko ɓ sai an haɗa maɓalli fiye da ɗaya, kuma yaran da suka saba rubuta k da d da b a WhatsApp sai su tsaya suna laluben haɗin, lissafi kuma ya nuna kamar sun kasa kalmar ne. Gaba ɗaya ma, yawancinsu da manyan yatsu biyu suka koyi rubutu a waya, don haka shawarata ga duk mai son yin irin wannan gwaji a zango ita ce ya fara sa ɗalibai su kwafi gajeren rubutu domin ya san saurin hannun kowa, kafin ya kira kowane jinkiri tunani. Ni ban yi haka ba a makon farko, kuma dole na sake zaman mutum huɗu. Zama ɗaya kuma ɗaukewar wuta ce ta cinye shi, saboda na yi ganganci da kwamfutar tebur a lokacin da ba a rasa dumso, wato yawan ɗauke wuta da kawo ta. Daga ranar na koma kan laftof mai cikakken caji.

A ra'ayina manhajar ta cancanci lokacin da za a ba ta, musamman ga malamin da ya gaji da hukunta ɗalibi da rubutun ƙarshe kaɗai, amma da sharaɗin zai zauna da marubucin su kalli maimaicin tare tun abin bai fita daga ransa ba. Ba za ta taimaki mai nazarin rubutun ajami da tawada a kan allo ko takarda ba, wanda har yanzu shi ne rubutun da dattawanmu da yawa suka fi sakewa da shi, kuma wanda ba ya son zama da dogayen jadawali zai gaji da ita da wuri.

Tsaiko mafi tsawo a duk bayanan da na tara ya faru ne a tsakiyar labarin wata ɗaliba, dab da jimlar da ta fi kowace kyau a rubutunta, har na riga na sa masa alama a matsayin misalin zurfin tsara tunani da zan nuna wa mai duba aikina. Da na tambaye ta abin da take saƙawa a wannan lokacin, sai ta ce, “Malam, kiran sallar la'asar aka yi, na tsaya ina amsa wa ladan.” Na goge alamar, na kuma mayar da sauran zaman zuwa hantsi.