Numairi ko Al-Bashir: wa ya fi barin tabo?

A wajen mai shayi a garin Gadarif na Sudan, muddin dattawa suka zauna da yamma, musun nan ba ya ƙarewa. Mutanen biyu da ake musu a kansu sojoji ne da suka hau mulkin Sudan da bakin bindiga, Ja'afar Numairi a Mayun 1969, Umar Al-Bashir a Yunin 1989.

Masu kare Numairi kullum Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 suke kawowa, wadda ta tsayar da yaƙin Kudancin Sudan na shekara 17. Gaskiya ne, ya yi wannan. Amma shi ne ya yi wa Ansar, mabiyan Mahdi, luguden wuta a tsibirin Aba a Maris 1970, aka kashe shugabansu Imam Al-Hadi Al-Mahdi yana ƙoƙarin tsallakawa Habasha. Wani tsoho da ke gefena, da aka ambaci Aba, ajiye kofinsa ya yi, bai ƙara cewa uffan ba. Kuma da hannunsa Numairi ya rushe abin da ya gina: a 1983 ya raba Kudu gida uku, ya kafa Dokokin Satumba na shari'ar Musulunci, yaƙi ya dawo. A Janairun 1985 aka rataye Mahmud Muhammad Taha, malamin addinin da ya soki dokokin.

Al-Bashir kuwa shekara 30 ya yi. Dokar laifuffuka ta 1991 ta sa aka riƙa yi wa mata bulala kan sutura. Sai yaƙin Darfur daga 2003, sammacin kama shi daga kotun duniya a 2009, Kudu ta ɓalle a 2011.

Ni dai a ganina na Al-Bashir ya fi muni, ko don mayaƙan sa-kai na Janjawid da ya raina har suka zama rundunar RSF, waɗanda suka raba mutanen Khartum da gidajensu a 2023.