Rilen fitila da oda da na sa wa Rodmasta ɗin Baba: yadda muka kwashe

Tun sati uku da suka wuce nake son in rubuta wannan, na bari ne zuciyata ta huce tukuna, don da a daren da abin ya faru na rubuta wallahi da zagi ne kawai zai fito.

Waɗanda suka san ni a Ƙofar Ƙaura sun san mashin ɗin, Honda Rodmasta ce CD200 mai silinda biyu, ta marigayi Baba, tun 1981 take gidanmu. Inji lau, ko hayaƙi babu. Matsalarta ɗaya ce, fitila kamar aci-balbal, oda kuma in ka danna sai ka ji kamar ɗan akuya mai mura, yara ma dariya suke. Rewaya na ya sa mita ya auna a gabana, batir na ba da bolt 6.3 amma abin da ke isa ƙwan fitila bai kai 5 ba. Ya ce Alhaji wutarka a hanya take zubewa, daga batir sai ta bi ta makulli, ta hau kan mashin ta bi ta makunnin fitila, sannan ta sauko, duk ta cikin wayoyi da suka haura shekara 40 ga tsatsa a kowane haɗi. Kuma mashin mai bolt 6 ya fi jin wannan ciwon, ƙwai mai wat 35 kusan amfiya 6 yake ja, alhali a mashin mai 12 kusan 3 ne kawai. Maganin a sa rile, wato ɗan makunni mai maganaɗisu da ƴar wuta ke kunnawa, makunnin kan mashin ya zama ɗan aike kawai, wuta mai nauyi ta taho kai tsaye daga batir.

Shi ne na sayi wannan set ɗin da kowa ya sani, mai rile uku da soket ɗinsu da gidan fiyus, wanda yaran nan ke tallatawa a Facebook suna aikowa ta mota. Ba sai na faɗi kuɗi ba kun sani, kuma kun san ba sauƙi. Kafin in tura kuɗi sau biyu na tambayi yaron da ke sayarwa, na ce ɗan'uwa mashin ɗina tsohon yayi ne bolt 6 ne fa, ya ce Alaji kar ka damu yana yi a kowane mashin. Saƙon na nan a wayata ban goge ba.

Gaskiya ranar da aka ɗaura na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Soket ɗin sun kama tsam, lambobin ƙafafu a rubuce ɓaro-ɓaro. Rewaya ya ja waya mai kauri daga batir ta bi ta fiyus zuwa ƙafa ta 30, ƙafa ta 87 ta tafi ƙwai, ya ɗauko farar waya ta dim da shuɗiya ta ful daga makunni ya kai kowace 86 na rilenta, 85 kuma ya haɗa da koriyar waya da Honda ke amfani da ita a matsayin ta bodi. Ta oda ce ta ɗan bambanta don a tsofaffin Honda maɓallin oda bodi yake taɓawa, ba wuta yake kawowa ba, sai ya ba 86 wuta daga baƙar waya ta makulli, 85 ta tafi maɓalli. Ya tada mashin ya murɗa totur, ƙas ƙas rile na amsawa, fitila fari tas ko da rana sai da na kare ido. Oda kuwa har mai shayin gefe ya zubar da ruwan zafi. Na ƙara wa rewaya kuɗin goro na tafi ina washe baki, har na kira mai kayan na sa mashi albarka. Kaico.

Kwana huɗu bayan nan na je Daura gaisuwar rasuwa, ban samu tasowa ba sai bayan magariba. Na wuce Mashi kenan duhu ya rufa sosai, ina tafe da ful hankali kwance ina ta yabon abin a raina, sai ga babbar mota ta taho da fitilunta kamar rana. Abin da kowa ke yi na yi, na saki totur na maida dim. Ɗif. Babu dim babu ful babu komai. Na maida ful da sauri, shiru. Na danna oda, ita ma shiru. Idona ya riga ya dushe da hasken motar, ban ga kwalta ba ban ga gefe ba, salati kawai nake ina taka birki a hankali har na ji taya ta faɗa cikin rairayi. Iskar motar ta wuce ta gefena sai da hulata ta tashi, har yau ban ga hular nan ba, kuma zanna ce mai kyau. Na fi minti biyar zaune a kan sit ƙafata na rawa.

Da tocilan waya a baki na kwance ƙoƙon fitila, Allah ya taimake ni akwai sukundireba a ƙarƙashin sit tun zamanin Baba. Na zare farar waya daga rile na maida ta kan ƙwai yadda take da, aci-balbal ɗina ta dawo, da ita na lallaɓa har Katsina, wallahi ban taɓa son wannan jan hasken ba kamar daren.

Da safe na dira wurin rewaya ina huci. Ya zare rile ɗaya ya goge gefensa da yatsa, ga shi nan an rubuta 12V da ƙananan baƙaƙe a ƙasa inda soket ke rufewa. Duka ukun. Ya dafe kai ya ce Alhaji laifina ne ni ma ban duba ba. Shi ne ya yi mani bayani, rilen bolt 12 sai wuta ta kai wajen 7 ko 8 kafin maganaɗisun ciki ya iya fizgo ƙarfen ya haɗa, ranar gwaji muna murɗa totur caji ya hau kuma rilen da sanyinsa, shi ya sa ya kama. In ya riga ya kama kuma ƴar wuta kaɗan ta isa ta riƙe shi, shi ya sa nake ta yawo ban gane ba. Amma a hanya ya ɗau zafi, fitila ta daɗe tana cin batir, na saki totur wuta ta sauka, na saki rilen ful na kira na dim, shi kuma ba ƙarfin da zai taso. Wato daidai lokacin da ka fi buƙatarsa nan zai yi maka fulako.

To da na ce kayan na da kyau mai sayarwa ne maƙaryaci, amma da muka feɗe wayar set ɗin don mu sake haɗi sai ga ciki fari, alminiyan ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, in ka kankare da wuƙa sai ya fito. Ga roba mai kauri ga silin ciki kamar gashi. Gidan fiyus ɗin ma murfinsa ba ya zama, sai da salatif. Duk wayar mun zubar mun sayi ta kirki a kasuwa. Abin da ya rage na kuɗina soket uku ne.

Na kira yaron na faɗa mashi, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai Alaji yanzu ba mai hawa bolt 6, in maida mashin 12 mana. Na ce kai yaro, mashin ɗin nan ya girmi babanka a titi, kuma ba shawara na tambaye ka ba kuɗina nake so. Ya ce in aiko da kaya zai duba, kuɗin mota kuma ni zan biya. Daga nan ya daina ɗaga wayata.

Rilen bolt 6 sai da wani abokina ya nemo mani a Kano, sati biyu ana cigiya. Yanzu an ɗaura, ko a silo yake ƙas yake kamawa, na gwada dim da ful ya fi sau hamsin a ƙofar gida da inji a kashe har maƙwabcina ya leƙo ya ce Malam lafiya dai. Haske ya dawo fari, makunnin kai ya daina ɗumi, oda na tsorata awaki. Aikin rile kam na yarda da shi, mai tsohon mashin ya sa, amma ya juya gindin abin ya karanta da idonsa kafin ya biya. Wannan set ɗin dai tauraro ɗaya na ba shi, shi ma don soket. Rile ukun suna nan cikin leda a saman firij, mai mashin ɗin bolt 12 da ke so ya zo ya ɗauka kyauta, wayar ce kawai ba zan ba kowa ba.