Hattara da masu gwajin iyafis a ƙarƙashin gadar Ikeja

Jama'ar Agege da Idi-Araba da Mile 12, duk mai shiga Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja a Legas, sayen iyafis ya buɗe ido. Akwai wasu samari da ke tare mutum tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja kafin ya kai shaguna, ɗayansu yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ni ma sun wanke ni ranar Asabar.

Iyafis mai waya na je nema, don in riƙa sauraron tafsiri da dare ba tare da na dami abokan kwana ba. Masu iPhone sun san tun daga iPhone 7 ta 2016 kamfanin Apple ya cire ramin iyafis, sai ta ramin caji ake jonawa. Yaron nan mai jin Hausa ya ce, "Alhaji, kada ka biya sai ka gwada, kunnenka ne alƙali." Ya jona wani a wayarsa, sauti siriri kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ya zare ya sa wanda ya kira orijina, sai ga murya tangaran, ganga har cikin ƙirji. Sai daga baya na tuna babban yatsansa bai bar gefen wayar ba. Ƙara sauti kawai yake yi. Kunne kuwa in aka ba shi abu biyu, wanda ya fi ƙara yake ɗauka ya fi kyau.

Na ƙirga masa naira dubu 15. Ya ce wancan na gwaji ne, ya miƙo mini sabo dal a kwali, da ledarsa.

A gida na jona, shiru. Can sai wayar ta nemi in kunna Bluetooth. To me ya haɗa iyafis mai waya da Bluetooth? Mai gyaran waya na layinmu ya yi dariya, ya ce wayar wannan iyafis ɗin wuta kawai take zuƙa daga ramin caji, sautin ta iska yake bi, saboda babu ɗan guntun na'urar da ke cikin na gaske. Shi ya sa a bidiyo bakin malam ke riga muryarsa.

Masu Samsung ma kada su saki jiki. Galaxy Note 10 ta 2019 ba ta da ramin, kuma irinta na buƙatar mahaɗin ramin caji na USB-C mai na'urar DAC a ciki, wadda ke juya bayanan waya zuwa sautin da kunne ke ji. Mai arha wanda babu komai a cikinsa ba zai yi magana ba.

In za ka gwada, a wayarka za a jona, tana hannunka, Bluetooth a kashe, karatu ɗaya, ƙara ɗaya. Wanda ka saurara shi za ka sa a aljihu, a bar musu kwalinsu. Ka kuma daure ka shiga shago mai lamba ka karɓi rasit.

Na koma ranar Litinin. Mai sayar da rigar waya ne a wurin, ya rantse bai taɓa ganin yaron ba.