OpenPGP ko S/MIME? Zauna inda kake

Malam, kan saƙonka da ya ƙi kulluwa da OpenPGP a manhajar imel ta Thunderbird har kake shawarar sayen satifiket ɗin S/MIME, ɗaya hanyar kulle imel, riƙe kuɗinka. OpenPGP ɗin, hanyar kulle imel da mabuɗan da mutum ke ƙirƙira da kansa, lafiyarsa ƙalau.

Ni ma na sha wannan. Abokin aikina da ke Jamus ya turo mini mabuɗinsa na fili, wanda da shi ake kulle masa saƙo, na shigar, amma ina danna aikawa sai Thunderbird ta ce babu mabuɗin da za ta kulle da shi. Kwana biyu ina zagin kwamfuta, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba. Ashe shigar da mabuɗi daban, karɓarsa daban. Tun fitowa ta 78 a 2020, da aka sallami Enigmail, ƙarin manhajar da a da ke yi mata aikin OpenPGP, Thunderbird ita ke riƙe da mabuɗanta, ba ruwanta da amincewar da ka yi a GnuPG, manhajar mabuɗan da Enigmail ke dogara da ita. Sai ka buɗe mabuɗin a OpenPGP Key Manager, wato ma'ajiyar mabuɗan Thunderbird, ka karɓe shi da hannunka. Na kira mutumin a waya, yana karanto lambar shaidar mabuɗin, baƙaƙe da lambobi 40, ina bi da yatsa kamar almajiri a gaban allo. Da suka zo daidai na zaɓi layin da ke cewa na tantance. Saƙo ya wuce, har takensa a ɓoye, ɗigo uku kawai na waje zai gani.

In ya ci gaba da gardama, ko dai wa'adin mabuɗin ya ƙare, ko adireshin da ke jikinsa ba shi kake aika wa ba. Leƙa saitin asusunka ma, wataƙila ba ka zaɓi naka mabuɗin ba.

S/MIME kuwa yana aiki, musamman a ofisoshin da ke kan Outlook, manhajar imel ta Microsoft. Na taɓa saya, shekara na zagayowa sai sabon biya, kuma wanda nake rubuta wa shi ma sai ya nemi nasa. Ban koma ba.

Ba ka tambaya ba, amma kiyayi masu cewa za su haɗa maka mabuɗi su kawo a filashi. Wanda ya ƙirƙiri mabuɗin sirrinka zai iya ajiye kwafi, ya riƙa karanta wasiƙunka kai kana zaton a kulle suke. Ƙirƙiri naka a kwamfutarka, sa Primary Password, wato babbar kalmar sirrin Thunderbird, ka adana kwafi a wani wurin, don in ya ɓata tsoffin saƙonninka sun rufu ke nan.

Zauna a OpenPGP, ka kira mutuminka yau ku gwada lambobin nan.