Farmasin da ya ƙi sayar min da diclofenac a Garwa

Jama'a bari in ba ku labarin wani farmasi da ke kusa da babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, don wallahi sun min abin da ba zan manta ba. Ni tela ne, zaman keke ya sa min ciwon baya, kusan shekara biyu ina sayen diclofenac wajen masu maganin tebur, wani lokaci ciki ba komai nake korawa da shayi. Sai olsa ta taso ni gaba, ƙarfe biyun dare in farka kamar an zuba min garwashi a saman cibiya, in jiƙa kanwa ko in sha madara, ya lafa kaɗan ya dawo.

Ranar na shiga ne kawai in karɓi diclofenac da omeprazole, maganin olsa, in wuce shago. Hajiyar da ke wajen ta tambaye ni inda ke ciwo, na nuna mata, sai ta ce Malam ka yi haƙuri diclofenac ɗin nan ba zan ba ka ba, shi da ibuprofen da aspirin su ke cin bangon ciki, ka sha paracetamol. Gaskiya raina ya ɓaci a lokacin, da kuɗina fa. Ta ce omeprazole ɗin ma in dakata, in fara zuwa asibiti a gwada bayan gidana, don yana iya ɓoye ƙwayar cutar nan H. pylori mai haddasa olsa, a ga kamar babu. Na je, kuma ita ce aka samu.

Likita ya rubuta min omeprazole da amoxicillin da clarithromycin na kwana 14. Da na kawo takardar farmasin sai Hajiya ta ɗauki biro ta bi kwali ɗaya bayan ɗaya tana rubuta safe da yamma, omeprazole rabin awa kafin abinci, ta ce bakinka zai yi ɗaci amma kar ka kuskura ka tsaya a hanya ko ka ji sauƙi. Ɗacin kam ya zo, kamar na kwana da ganyen darbejiya a baki. Ita ta faɗa min madara sanyaya ciki kawai take na ɗan lokaci ba ta warkarwa, taba a bar ta gaba ɗaya, kuma ranar da na ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta ko aman jini, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Inda suka gaza, akwai tsada in ka kwatanta da na tebur, kullum kuma ba su da canjin sefa, benci ɗaya ne tak tsofaffi na tsaye a layi cikin zafin nan namu. Yaran kantar Faransanci da Fulatanci kawai suke ji, in kana son Hausa sai ka jira Hajiya.

Yau wata guda da gama maganin, ina barci har asuba, jibi in sha Allah zan koma a sake gwajin a tabbatar ƙwayar ta mutu.