Aya-aya a lambu: a haƙe ko a yi feshi?

Ɗan'uwanmu mai lambun albasa a bakin kogin Binuwai, kusa da Garwa a ƙasar Kamaru, ya ce aya-aya ta cinye masa fangali, yana nomewa tana dawowa bayan kwana huɗu. Yana tambaya: ya haƙe ta ne, ko ya sayi maganin feshi?

Malam, kafin zaɓi, ka san cewa ƙarfin aya-aya ba a ganye yake ba. A ƙasa yake, cikin 'ya'yan nan baƙaƙe da ke jere kamar carbi, galibinsu ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ba. Muddin carbin na haɗe, kaɗan ne ke tsirowa, sauran na barci. Da fartanya ta tsinka shi a ƙasa mai danshi, kowane ɗa sai ya farka. Shi ya sa kake ganin kamar noman ma ƙara ta yake yi.

Haƙa tana aiki ne idan rana ta taya ka. A watan Maris da Afrilu, bayan ka cire albasa, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ka yanke ban-ruwa gaba ɗaya, ka kife ƙasar da garma, ka bar ta mako biyu, ka sake juyawa. Ɗan da ya bushe ƙamas ya mutu ke nan. Wanda ka tsince da manjagara ka ƙone shi, kada ya shiga tarin taki. Wahala ce, baya zai faɗa maka, amma ba ka kashe ko sisi kan magani ba. Inda take kasawa shi ne fadamar da ba ta bushewa sosai, da irin laka mai tauri da ke ɓoye 'ya'yan cikin hoge.

Feshi kuwa akasin haka yake so: ciyawa kore shar, mai ganye da yawa, tana cikin girma. Gilaifoset, wanda aka fi sani da Roundup, ta ganye yake shiga ya gangara har ƙasa. Sai dai ɗan da bai tsiro ba yakan tsira, don haka feshi ɗaya ba ya gamawa. Yana son sa'o'i kamar shida ba ruwan sama, da mako guda ba ka taɓa wurin da fartanya ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane ke haɗa shi da ruwan kogi mai laka, alhali laka na kashe masa ƙarfi, sannan su ce jabu aka sayar musu. Kuma ba ya bambanta aya-aya da albasa, sai fili ba shuka. Irin maganin da ke ƙone ganye a yini ɗaya kada ya ruɗe ka, sama kawai yake ci. Ka rufe hanci, ka rufe hannuwa, ka nisanta galan daga yara da rijiya.

Lambunka ƙarami ne, kuma abinci kake nomawa a gefen ruwan da jama'a ke sha. Ni haƙa zan zaɓar maka. Feshi na bar wa mai hekta guda wanda hannu ba zai iya ba.

Ko wanne ka ɗauka, aya-aya ba ta jure inuwa, albasa kuwa ba ta yin inuwa. Daminar bana ka sa dankali ko wake mai yaɗo a wurin, su rufe ƙasar ruf, sannan ka koma albasa da rani.