Fulin gaban injin a-kori-kura: sabo ko na Beljiyam?

Fuli, wato faifan ƙarfen da ke bakin kuranshaf (sandar da fistin ke juyawa a cikin inji), ba juya bel kaɗai yake yi ba. Tsakanin cibiyarsa da zoben waje akwai roba, ita ke shanye girgizar bugun fistin. In ta mutu, fuli ya fara rawa, bel na kuka, wani sa'in zoben ya fice ya fasa lagireto.

Na Beljiyam, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, yana da araha, kuma galibi na kamfani ne. Matsalarsa tsufa: ƙarfen fes, robar kuwa ta gama shan zafi tun a can. Duba tsagewa da kumburi, ka shafa wuyan da sil, wato robar da ke tare man inji, ke kwanciya. In ya yi gurbi, mai zai riƙa ɗiga. Bayan an ɗaura, ja layin alli daga cibiya zuwa zobe, a tada inji. Layin ya rabu? Robar ta saki ke nan. Mayar musu da kayansu.

Sabo akwai tsada, ga jabu ko'ina. Duk da haka, Hilux mai jigilar kaya kullum, ni sabo na asali zan saka mata. Kowanne ka ɗauka, kada bakanike ya shigar da shi da guduma, bugun yana cin beyarin kuranshaf.